Yadda Na Saita Bindigar Baba Wolta

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, Shi da ya shimfiɗa ƙasa ya ajiye wa bawa abincinsa a inda bawan bai taɓa zato ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni Isuhu ɗan Garba maharbi, haifaffen Karshi, mazaunin Kubwa, zan faɗi abin da ya same ni a ƙasar Amurka, ba ƙari ba ragi.

Zangona na farko shi ne birnin Kolombos, a jihar Ohayo, wurin Alhaji Tanko. Mutumin Zariya ne, a da yana da shagon tayoyi a Durumi, sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin 'yan kasuwa. A Amurka kuwa tsofaffin motoci yake saye yana turowa gida. Ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni katifa a ɗakin ajiyar kayan mota. Aikin kanikanci da ya yi mini alkawari sai ya zama wankin mota da gadin fili. Ranar Juma'a shi zai sa babbar riga ya tafi masallaci, ni in tsaya gadi. In baƙi suka zo sai ya nuna ni da mabuɗin mota ya ce, "Wannan yarona ne," alhali ranar da na sauke Alƙur'ani shi ko tsarki bai iya ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya gagare ni shi ne maganar da matata Hajara ta kira ta faɗa mini daga Kubwa.

"Malam, wai gaskiya ne sadaka kake ci?"

"Wa ya ce?"

"Matar ƙanen Alhaji, a gidan suna a Durumi, gaban mata. Wai ba don Alhaji ba da ƙarƙashin gada kake kwana. Ni dai na ɗauki mayafina na fito."

Washegari na ɗaure jakata. Alhaji ya tsaya a ƙofar fili yana dariya.

"Malam Isuhu, nan ba Kubwa ba ce da za ka ɗaga hannu bas ta tsaya. Sanyi na nan tafe, ba ka san shi ba tukuna. Da ƙafarka za ka dawo, kuma ni ba na riƙo, ƙofata a buɗe take."

Na ce, "Allah ya bar ta a buɗe, Alhaji, saboda masu buƙata."

Wani ɗan Senegal mai tasi, wanda ko sunansa ban riƙe ba, shi ya ce mini ana neman masu tsinkar tuffa a wata gona can ƙauye. Ya kai ni tasha, ya ƙi karɓar komai, ya ce in sa uwarsa a addu'a. Har yau ina sa ta.

Zango na biyu shi ne gonar Baba Wolta. Tsohon Bature ne dogo, matarsa ta rasu, hannuwansa na rawa har shayi yakan zube masa a gemu. Ni na laƙaba masa Baba, da na gaya masa ma'anarta bai ƙi ba. Mai juya ma'aikata kuwa ɗan ƙanwarsa ne, Derik, ƙato mai jan wuya, mai son a yi dariya da shi ko da ba abin dariya. Sunana ya gagare shi, sai yake ce mini Afirka.

Mun tsinki tuffa har itatuwa suka yi fayau. Sauran ma'aikata suka fara haɗa kaya suna gangarawa kudu inda ake da ɗumi. Mutum ɗaya kaɗai Baba Wolta ke riƙewa lokacin sanyi, ya ba shi ɗaki mai hita a saman sito. Aikinsa datse rassa, da kuma tsare ƙananan itatuwa daga barewa. Barewar can ba irin tamu ba ce, ta kai maraƙi, kuma in ƙanƙara ta rufe ciyawa sai su shigo garke guda su cinye tohon dashe. Da can tsohon da kansa yake harbin su, har hannu ya ƙi. Derik kuwa tuƙin babbar mota yake komawa in an gama kaka, amma yana da aboki da yake so a bai wa ɗakin.

Ni kuma in ban sami ɗakin nan ba, ba ni da wata ƙofa a faɗin ƙasar sai ta Alhaji Tanko.

Na sami Baba Wolta na ce masa, "Baba, ubana maharbi ne. Na bi shi dajin Karshi tun ina riƙe masa gora har na yi gemu."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Makon farautar bindiga na zuwa. In ka kawo mini barewa kafin ya ƙare, ɗakin naka ne. In ba haka ba, kar ka ga laifina."

Shi ya kai ni wurin da ake koyar da dokokin farauta, na ci jarrabawarsu, aka ba ni lasin. Sannan ya buɗe kabad ya ɗauko bindigar. Da na gan ta sai na tuna 'yan sintirin unguwarmu a Kubwa, irin tasu ce sak, wadda ake jan hannunta baya a tura gaba ta tofar da kwanko ta haɗiyi sabon harsashi. Ya ce da ita yake harbin agwagin ruwa, yadda take ɗin nan ba ta yi wa barewa ba, sai an sāke mata hali.

Muka zauna a teburin sito, shi yana faɗa ni ina yi, domin yatsunsa ba sa riƙe noti. Na kwance murfin da ke riƙe da bututun, na zare dogon bututun tsuntsaye mai santsin ciki, na sa wani gajere mai kauri. Ya ce in ɗaga shi wajen haske in leƙa. Na ga zane a ciki yana murɗawa kamar igiyar guga. Ya ce wannan zanen ne ke juya harsashi ya tafi sak. Ya miƙo mini harsashin, su suna ce masa silog. Ba tsakuwar dalma ba ce mai watsuwa irin wadda babana ke ɗurawa, curi ɗaya ne, ya kai kan babban yatsa. In ya samu ya samu, in ya kuskure da faɗin tafin hannu shi ke nan.

Ya sa na cusa wani ɗan sanda a ma'ajiyar harsashi, don doka ta hana bindigar farautar barewa ɗaukar fiye da uku. Ya sa na ɗaura madubin saiti mai jawo nesa kusa a kan ƙarfen da ya fito daga jikin bututun, na ɗaɗɗaure notukan bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, kamar mai ɗaure tayar mota. Murfin bututun kuma ya ce in matse shi iya ƙarfina, domin in ya yi sako-sako, yau ta harba dama gobe hagu. A ƙarshe ya miƙo mini riga da hula ruwan lemo masu ƙyalli.

Na ce, "Baba, wannan kuma fa? A wurinmu maharbi da toka yake shafe jiki. Wannan ai kayan masu gyaran titin Abuja ne."

Ya ce, "Barewa ba ta ganin launin. Maƙwabcina mai bindiga kuwa yana gani, kuma shi ne ya fi barewa haɗari."

Muka fita bayan sito. Derik ya kafa kwali mai baƙin ɗigo a jikin tudun ƙasa, nisan rabin filin ƙwallo, ya tsaya da gwangwanin lemo a hannu yana jira.

To, wanda ya tashi da bindigar toka ya san yadda ake riƙe ta. Maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta, ba wanda ya san ranar da za ta fashe. Saboda haka babana ya hore ni da nesanta ta daga jiki, kada gindinta ya taɓa kafaɗa sosai, kuma in za a ja kunama a ɗan kau da fuska. Hannuna bai manta ba. Na ɗaga bindigar Baba Wolta na bar rata tsakaninta da kafaɗata, na leƙa madubi, na yi bisimilla na ja.

Jaki bai taɓa shurina haka ba. Gindin ya daki kafaɗata, bakin madubin ya sare ni a gira, na zauna daɓas a ƙasa jini na bin hancina. Kwalin kuwa ko ƙura ba ta taɓa shi ba.

Derik ya yi dariya har lemo ya sarƙe shi. "Afirka! Kai ne ka harbi bindigar ko ita ta harbe ka? Kawu, wannan ne maharbin naka?"

Baba Wolta bai yi dariya ba. Ya ba ni ƙyalle na danne girar, ya tambaye ni dalilin wannan riƙo. Na gaya masa. Ya ce, "Ubanka ya yi gaskiya a kan tasa bindigar. Wannan ba ta fashewa. Ka rungume ta kamar ba ka son a ƙwace, ka kwantar da kumatu a kanta. In ka ba ta rata, gudu take ɗauka kafin ta same ka."

Da yamma muka yi mata gyara na biyu. Muka tura madubin gaba ya yi nesa da ido. Gindin ya yi mini tsawo in na sa rigar sanyi, sai na yanke kaɗan da zarto, muka ɗaura masa roba mai laushi. Na cika buhuna biyu da yashi don ɗora ta. Baba ya kawo harsashi iri daban-daban, ya ce kowace bindiga da irin da cikinta ke so. Na gwada su, wanda ya fi haɗa ramukansa wuri ɗaya na rubuta a kwalinsa da ajami, "wannan ne mai gaskiya". Daga nan aka shiga murɗa 'yan maɓallan madubi, harbi uku a murɗa, harbi uku a murɗa, har ramukan suka matso kusa da ɗigon. Kafaɗata ta yi baƙi ƙirin, da ƙyar nake ɗaga hannu in yi kabbara.

Duk da haka akwai harbin da kan zame ƙasa. Derik ne ya gano dalili.

"Surutun nan da kake yi ne. Bakinka na motsi, bindiga na motsi. Me kake faɗa mata ne, haƙuri kake ba ta?"

Na ce, "Sunan Allah nake ambata. In ban ambata ba naman mushe ne, ba ni ci."

"Waye ya ce sai ka ci? Kashe ta aka ce ka yi."

"Ni ba na kashe abin da ba zan ci ba."

Baba Wolta ya ce a hankali, "Ba za ka iya faɗa a zuci ba, Isuhu?"

Na ce, "Baba, a wurin malamina da harshe aka koya mini, ko da ƙasa-ƙasa ne. Ban zo nan don in sauya ba."

Abin da na yi shi ne na daina haɗa faɗa da ja. Sai in gama Bismillahi Allahu akbar tukuna, numfashi ya fita duka, ƙirji ya tsaya cik, sannan in matsa kunama a hankali. Ramukan suka dawo suka taru kamar an dasa su.

Makon farauta ya shigo da ƙanƙara. Derik ya ce shi zai raka ni, ya zama shaida. Bayan na yi asuba muka shiga wata 'yar bukkar katako a bakin hanyar da barewa ke bi, kusa ƙwarai, domin a wannan nisan muka saita bindigar. Iska ta tsaya cak, daji ya yi tsit, har haɗiyar yawun Derik nake ji. Gari na wayewa sai ga namiji mai ƙaho kamar reshen itace, ya tsaya a gabanmu ya ba ni haƙarƙari. Derik ya zungure ni. Na kwantar da kumatu, na sa shi a madubi, na fara, "Bismillahi..."

Kunnensa ya juyo. Kafin in kai "akbar" ya ɗaga farar wutsiyarsa, tsalle biyu ya shige duhuwa.

Derik ya cire hula ya maka a ƙasa. "A faranti aka kawo maka shi! Kana da lokacin harbi, ka tsaya wa'azi!"

Haka ya je ya faɗa wa kawunsa, da ƙari. Baba Wolta ya saurara, ya shafa gemu, ya ce mako bai ƙare ba tukuna. Amma na ga ya kasa haɗa ido da ni, kuma da rana na hango abokin Derik ya zo da mota yana leƙa matakalar ɗakin saman sito.

A ranar Alhaji Tanko ya kira ni. Ban san wanda ya ba shi labarina ba, ƙila dai ƙanƙarar ya gani ta taga ya tuna da ni.

"Malam Isuhu, ya sanyi? Na ji an ce kun gama tsinkar 'ya'yan itace. Katifarka na nan, ban bai wa kowa ba. Ga motoci sun taru duk sun yi datti."

"Alhaji, ina kan aiki."

"Wane aiki a cikin ƙanƙara? Haba, girman kai ba ya maganin sanyi. In turo a ɗauko ka?"

"In ka ga na dawo filinka, Alhaji, to a makara aka kawo ni, ka taimaka da likkafani."

Na kashe waya.

Na zauna na yi tunani irin na babana. Barewa ta ji ni don na yi kusa da ita kuma ba iska. Ba zan rage kalma ko ɗaya ba. Abin da zan iya ƙarawa shi ne nisa. Na je na sami Baba Wolta na tambaye shi iyakar inda wannan curin ke kaiwa da ƙarfinsa. Ya ce da wannan bututun zai kai tsawon filin ƙwallo guda, amma yana faɗuwa a hanya kamar jifan dutse, sai an sāke saiti, kuma duk ɗan motsin hannu a can ninkuwa yake yi.

Na ce, "A sāke."

Na ɗauki kwalin na kai shi ninkin inda yake. Harbin farko ya sauka can ƙasa da ɗigon. Na murɗa maɓallin sama, na sāke. Kafaɗar da ta fara warkewa ta koma ɗanya. Baba Wolta ya jawo kujera ya zauna a cikin sanyin nan da bargo a gwiwa da tabarau mai hangen nesa, yana faɗa mini inda kowane ya sauka, alhali ba wanda ya sa shi. Sai da rana ta yi ja ramuka uku suka zauna a wurin da tafin hannuna zai rufe.

Na bar bukkar. Na zaɓi wani tarin itace a kan tudu, can nesa da hanyar barewa, inda iskar safiya ke busowa daga wajensu zuwa fuskata. Na kai buhunan yashina na ajiye. Safiya ta farko ba abin da ya fito. Ta biyu ma haka, sai hankaki. Yatsun ƙafata suka mutu, na riƙa tuna rumfar mai shayi a bakin tashar Kubwa da hayaƙin tukunyarsa har hawaye ya daskare mini a gashin ido.

Ranar ƙarshe ta mako Derik ya biyo ni, ya ce yana so ya ga ƙarshen wasan da idonsa. Muka kwanta bayan itacen. Hantsi ya fara ɗagawa, har ya fara duba waya, sai ga mace babba ta fito daga duhuwa ita kaɗai, ta nufi layin dashe. Daga inda muke ba ta fi akuya ba.

Derik ya raɗa, "Ta yi nisa. Kar ka ɓata harsashi."

Na ɗora bindiga a kan yashi, na rungume ta, na kwantar da kumatu. Na jira ta tsaya ta sunkuya kan wani dashe. Na sa tsakiyar madubi a bayan karfatarta. Na ce Bismillahi Allahu akbar, ban gaggauta ba, ban haɗiye harafi ba, iska ta kwashe shi ta yi bayana da shi. Kunnenta bai motsa ba. Numfashi ya ƙare, na matsa.

Ta yi tsalle ɗaya ta faɗi. Na ja hannun bindigar na tura, na jira in ga ko za ta tashi. Ba ta tashi ba. Na sa makullin kunama na ruga a cikin ƙanƙara ina faɗuwa ina tashi, na tarar da sauran rai a jikinta. Na juya ta ta fuskanci alƙibla, na zare wuƙa na yanka da sunan Allah.

Derik ya iso yana haki. Ya dubi barewar, ya waiga ya dubi tudun da muka baro. Can ya sunkuya ya kama ƙafar baya ɗaya, na kama ɗaya, muka ja ta har sito.

Bayan an sanar da hukuma yadda doka ta ce, na rataye ta na feɗe. Na cire cinya guda na kai wa Baba Wolta, na ce a wurinmu wannan rabon mai ƙasa ne. Na cire karfata na miƙa wa Derik.

Ya ja da baya. "Ni? Na me?"

"Ka ja ƙafa. Wanda ya taya ɗauka yana da karfata."

"Ko da ya so a kore ka?"

"Ba ladan kirki ba ne, Derik, ladan ja ne. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa, yana riƙe da ita kamar an ba shi jinjiri. Baba Wolta ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya laluba aljihu da hannunsa mai rawa, ya ciro mabuɗi ya ajiye a kan teburin kusa da wuƙata.

Ya ce, "Hitar tana da gardama, sai ka ɗan buge ta a gefe. Gobe daga layin gabas za mu fara datsa. Ka zo da safar hannu."

A ɗakin nan na yi sanyin shekarar da na shekarun da suka biyo baya, har Allah ya nufe ni da komowa Kubwa. Filin Alhaji Tanko kuwa ban sāke taka shi ba. Nan alƙalami ya tsaya, godiya ta tabbata ga Mai ciyar da bawa a inda ya so.